Zanen ɓatanci ga Annabi (SAW): babu dokar da za ta kama su ne?

Tambaya: Barista, an sake turo mini zanen ɓatancin nan ta WhatsApp, na kwana ban runtsa ba. Wai babu kotun da za ta hukunta waɗannan Kiristocin, ko sai mun fito titi?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ya hana ka barci ni ma ya taɓa ni. A Faransa doka ba ta hukunta ɓatanci ga addini, sai zagin mutane ko tunzura ƙiyayya a kansu saboda addininsu. Ta wannan ƙofar Babban Masallacin Paris ya maka Charlie Hebdo, mujallar barkwanci ta Faransa da ta buga zanen ɓatanci ga Annabi, a kotu, aka wanke mujallar a 2007. Amma ba duk Turai ce haka ba. A 2018 Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta amince da tarar da Ostiriya ta ci wata mata da ta taɓa mutuncin Annabi, Denmak kuma ta haramta ƙona Alƙur'ani a 2023.

Kalmarka ta "Kiristocin" ce ta fi tayar mini da hankali, kuma na gaji da jin ta. Masu zanen Charlie Hebdo ba masu zuwa coci ba ne. Sun zana Paparoma, sun zana Annabi Isa (AS), ƙungiyar 'yan Katolika ma ta sha kai su ƙara. To me ya haɗa su da mai kemis ɗin unguwarku da ke ba ka maganin zazzaɓi bashi?

Wannan kuskuren ya riga ya ci rayuka. A Fabrairun 2006, kan zanen jaridar Jyllands-Posten ta Denmak, aka ƙona coci-coci da shaguna a Maiduguri, aka kashe mutane. Cikin 'yan kwanaki ramuwar gayya ta faɗa kan 'yan'uwanmu 'yan kasuwa a Onitsha. A Janairun 2015, a zanga-zanga kan zanen Charlie Hebdo, mutum 10 suka mutu a Damagaram da Yamai. Ko ƙwarzane bai samu masu zanen daga wutar nan ba, gawawwakin duk namu ne. Alƙur'ani ya ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, amma masu neman mabiya a Facebook, masu cewa "a tura ko'ina", ba sa karanto wannan ayar.

Kuma ka lura, wanda ya turo maka zanen shi ya shigo da shi wayarka, ba Bafaranshe ba. Ka goge, kada ka tura wa kowa, ka kira shi ka gaya masa ya daina.