Muryar Yaya a gurup: ina ake yanka "ouvrir"?

Assalamu alaikum. To ƙanwata, na ji tambayarki, wai me ya sa mushe, malaminku na Faransanci, ya ja miki jan biro da kika raba kalmar ouvrir a ƙarshen layi kika rubuta ouv-rir. Gaskiyarsa ce, ou-vrir ne. Amma abin da ke damunki, kina haɗa gaɓa da tushen kalma, alhali hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Gaɓa baki take bi. Baƙi in ya zo kafin r ko l, irin vr, tr, pl, ba a raba su: en-trer, ou-vrir. Mu bakinmu na Hausa ba ya fara gaɓa da baƙi biyu, shi ya sa kunnenki ya ce ouv. Tagwayen baƙi kuwa a rubuce tsakiya ake yankawa, ap-pe-ler, ar-ri-ver. Ch da gn kar ki taɓa su, a-che-ter, ga-gner.

Shi kuma tushe daga Latin yake. Cantare ta zama chanter, finire finir, vendere vendre, habere kuma avoir. Duk -er ɗin nan... a'a, bari in gyara, ba duka ba, yawancinsu dai -are ne da can. To ki riƙe chanterai, wato zan yi waƙa. Asalinta kalma biyu ce, cantare habeo, kamar ka ce akwai waƙa a kaina da zan yi. Suka narke suka zama chanter da ai. Ki duba ƙarshen chanterai, chanteras, chantera, chanteront: ai, as, a, ont, ba avoir ba ce zaune? Tun a rantsuwar Strasbourg, wata tsohuwar rantsuwar sarakuna ta shekarar 842, akwai salvarai a rubuce. Amma in za ki yanka, chan-te-rai ne, r ta bi ai ta bar gida.

Wallahi wannan r ɗin ta taɓa ja mini bulala. Muna lakwal, ranar dikte, na rubuta chanter a ƙarshen layi, ai a layi na gaba, ina ta jin kaina gwani. Mushe ya ɗaga kayena gaban aji, biyar a tafin hannu, bai ce mini ga dalili ba. Shekara da shekaru sai ni da kaina na gano. Da ya buɗe baki minti ɗaya fa! Har yau in na tuna...

Prendre da 'ya'yanta, comprendre, apprendre, wannan sai gobe, caji ya kusa ƙarewa.