Daga Zariya zuwa bakin tekun Ayilan: amsoshin tambayoyinku

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni tsohuwar malamar makaranta ce na yi ritaya, ina zaune a Samaru. Ɗiyata tana aure a Galway can ƙasar Ayilan, ta sauka lafiya shine zan je musu zaman jego a watan Yuni in Allah ya kaimu. Surukina ya ce in an sha suna an huta zai kai ni bakin teku da wasu tsibirai wai Aran. Ni fa ruwan da na sani Kubanni ne da Galma, sai tekun Jidda da na hango ta tagar jirgi. Dan Allah abin ya kai a sha wahala dominshi? Kuma jirgin ruwan nan ba hatsari?
Daga wata Hajiya, Samaru

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, barka da arziki, Allah ya raya ya ɗayyaba. Ki je Hajiya, kar ki bari tsoro ya zaunar dake a ɗaki, amma zan gaya miki yadda za ki je ɗin.

Tsibiran uku ne a bakin mashigar ruwan Galway, babban Inis Mór, na tsakiya Inis Meáin, ƙaramin Inis Oírr, kuma duka mutanen dake zaune a kansu in an haɗa ba su kai 1,500 ba, wato ko wata unguwa ɗaya a cikin birni ta ninka su sau nawa. Daga Galway za ku yi kusan awa ɗaya a mota zuwa wata 'yar tashar jirgin ruwa Rossaveal, daga nan kaman minti 40 ne a kan ruwa zuwa babban tsibirin. Jirgin babba ne mai kujeru da banɗaki da rufi, ba kwalekwale bane irin wanda muke jin labarin ya kife a Neja ko Kebbi, kuma in iska ta yi yawa su da kansu suke soke tafiyar, ba wanda zai roƙe su su tashi. Abin da zai dame ki ba nutsewa bane, tashin zuciya ne. Ni ranar da na shiga na cika cikina da shayi da ƙwai ina ta cika baki wai ai mun saba da ramukan hanyar Funtuwa, wallahi ko minti 15 bamu yi ba na nemi leda, wata tsohuwar baturiya a gefena kuwa saƙarta kawai take yi ko a jikinta. Dan haka ki ci abu kaɗan, ki riƙe citta a baki, ki zauna tsakiyar jirgi a ƙasa inda baya girgiza sosai, ki kafa ido can nesa inda sama ta haɗu da ruwa, kar ki duba waya. Akwai maganin jiri a kemis amma ki tambayi surukin naki kafin ki sha tunda kince kin manyanta ƙila kina kan wasu magungunan. In kuma ruwan ne kwata kwata ba kya so, akwai ƙaramin jirgin sama daga Connemara, wani yanki a yammacin Galway, minti 10 ya sauke ku, sai dai fa za a ɗora ki a sikeli kafin ki hau, kar ki ji haushi kowa haka ake mishi.

Toh me za ki gani a can? Dutse. Ina nufin dutse ko ina, ƙasa dutse ce shimfiɗe mai tsage tsage, itace sai ki ƙirga, gonaki ƙanana ƙanana kowace an zagaye ta da katangar duwatsu da aka jera ba siminti ba laka, an bar 'yan ƙofofi a tsakanin duwatsun dan iska ta wuce kar ta ture katangar. Abin da ya fi tsaya min a rai shine ƙasar noman ma su suka haɗa ta da hannu, su ɗebo yashi a bakin ruwa su ɗebo ciyawar teku su shimfiɗa a kan dutse, shekara da shekaru, har ta zama ƙasar da za a shuka dankali. Mu da muke da ƙasa irin ta Zazzau da in ka yar da ƙwayar masara sai ta fito, sai na ji kunya ta kama ni. Dankalin nan kuwa shine wanda 'yan kasuwar Sabon Gari suke kira Arish, sunan mutanen ƙasar ne ya bi shi har nan. Kuma shi ya taɓa kashe su, a 1845 cuta ta faɗa wa dankalin, a 'yan shekaru kusan mutum miliyan 1 suka mutu da yunwa da cututtuka, wasu kusan miliyan 1 suka tsallaka Amurka da Ingila, shi yasa duk gaɓar nan ta yamma za ki yi ta ganin kufai, gida tsaye ba rufi tumaki na kiwo a ɗakin.

A babban tsibirin akwai wata ganuwar dutse Dún Aonghasa, farkon gininta ya kai shekara 3,000, an yi ta kaman rabin da'ira a bakin wani tsauni da ya yanke tsaye kaman bango kusan mita 100 zuwa ruwa. Daga ƙauyen Kilronan inda jirgi ke tsayawa kusan kilomita 7 ne, matasa keke suke haya, ke ki hau ƙaramar bas ko keken doki, sai a ƙarshe a taka da ƙafa a hau tudu mai duwatsu. Hajiya ba shinge a bakin wajen nan, ko igiya babu. Masu ƙarfin hali kwanciya suke yi rub da ciki su leƙa. Ke kam ki tsaya nesa, ki ɗaure hijabinki sosai ki sa rigar ruwa a kai, dan iskan can yana shiga babban mayafi ya cika shi kaman lema ya ja mutum. Hulata sabuwa dal da na saya a Tudun Wada tana can cikin Atlantika.

Shawarata babba, ku kwana. Yawancin masu yawon buɗe ido da safe suke zuwa su yi hoto su bi jirgin yamma su koma, to bayan jirgin nan ya tafi ne garin yake komawa na masu shi, ki ji suna hira da yarensu na Ayirish ba Turanci ba, ki ga masunta suna gyaran koma, ga kwalekwalensu na gargajiya baƙi da ake shafe shi da kwalta an kifa shi a bakin ruwa. In lokaci ya ƙure ku zaɓi ƙaramin, Inis Oírr, ana zagaye shi da ƙafa, kuma akwai gawar wani jirgin kaya Plassey da guguwa ta jefo kan duwatsu a 1960, mutanen tsibirin suka ceto duka ma'aikatanshi 11, har yau yana nan ya yi tsatsa jawur.

Kar sunan bazara ya ruɗe ki, Yuni ɗinsu kaman sanyin safiyar hunturunmu ne da yayyafi a kai. Rigar sanyi, safa, takalmi kambas mai kama ƙasa. Lema kuwa ɓarnar kuɗi ce, iska zai juye ta.

TAMBAYA: Malam ina karatun digiri na biyu a Ingila, ɗan Tudun Jukun ne ni. Mu huɗu muke so mu yi hayar mota mu gama gaɓar yammacin Ayilan gaba ɗaya a kwana 3, bizar mu ta Ingila ta isa?
Daga wani ɗalibi

AMSA: Ƙanena bata isa ba. Arewacin Ayilan inda Belfast yake shine ƙarƙashin Birtaniya, ita Jamhuriyar Ayilan ƙasa ce daban da kuɗinta yuro da bizarta, kuma bata cikin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, mai fasfo ɗin Najeriya sai ya nemi tata. Rashin shingen bincike a kan iyakar ƙasa ba izini bane, kar ku jawo wa karatunku matsala.

Sai maganar kwana 3. Hanyar da suke kira Wild Atlantic Way da aka buɗe a 2014 daga Donegal a arewa har Kinsale a kudu kusan kilomita 2,500 ce, ta fi Kano zuwa Legas zuwa da dawowa, kuma ba titin Kaduna bane da za ka take mota, siririya ce mai lanƙwasa, katangar dutse hagu da dama, wani wurin in kun haɗu da tarakta dole ɗaya ya ja da baya, ga tumaki kwance a tsakiyar kwalta basu san hon ba. Ku yanki ɗan yanki kawai. Rana ɗaya Moher, tsaunin bakin teku da ya kai mita 214 a inda ya fi tsawo, ku kwana a ƙauyen Doolin, in hazo ya rufe ku jira kar ku ce sai kun yi hoto a bayan shinge. Rana ta biyu tsibiran Aran, daga Doolin ma akwai jirgi in ba lokacin sanyi ba. Ta uku Connemara.

A Connemara ɗin akwai tsibirin Omey da ake shiga da mota ta kan yashi in ruwa ya janye, kuma nan ne nake jin tsoron irinku. Teku ba kaman dam ɗin Shika bane, sau biyu a rana yake cikowa ya janye, bambancin yana kai mita 4, ya fi ƙarfi wajen tsayuwar wata da kuma tsakiyarshi daren 14 da 15. Inda kuka faka mota a busasshen yashi, bayan 'yan awoyi ruwa ne da ya shanye mutum. Ku duba jadawalin cikar ruwa na ranar, ku tambayi mutanen ƙauyen. Wanka kuma sai inda aka kafa tuta ja da rawaya da masu ceto, ruwan ko a bazara bai cika wuce digiri 15 ko 16 ba. Lambar gaggawa 112 ko 999.

TAMBAYA: Ya batun abinci da sallah a irin ƙauyukan nan?
Daga wata 'yar'uwa, Kofar Doka

AMSA: Kifi shine rufin asiri, da dankali da burodinsu mai ruwan ƙasa da man shanu, su ƙaguwa da jatan lande ma a mazhabarmu ta Malikiyya ba laifi in zuciyarki ta ɗauka. Amma ki yi tambaya kafin ki ci, miyar kifin nan mai madara wasu suna yanka naman alade a ciki ko su zuba giya, ƙullun da ake soya kifi dashi ma wani da giya ake kwaɓawa, baƙin abin nan zagayayye na karin kumallo kuwa jini ne. Ki tafi da yajinki.

Masallaci sai manyan garuruwa kaman Galway, sai Ballyhaunis a yankin Mayo da ke da masallaci tun shekarun 1980 saboda mayankar halal da aka yi a garin. A tsibiri dai dardumarki ce, alƙibla gabas ce ta ɗan karkata kudu. A Yuni rana sai wajen 10 na dare take faɗuwa ta fito 5 da 'yan mintuna, dan haka ki sa ƙararrawar waya, in ba haka ba tsakanin isha'i da asuba ko juyi biyu ba za ki yi ba gari ya waye.