Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Aka Tura Ɗana Sassa Uku a Asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana da wata 20, bakwaini ne, kuma har yanzu ba ya zama da kansa, ƙafafunsa a sandare suke, abinci kuma yana yawan sarƙe shi. Likita ya ce rauni ne a ƙwaƙwalwa da ya shafi motsin gaɓoɓi, ya tura mu sashen gashin ƙashi, da na koyar da ayyukan yau da kullum, da na koyar da magana. Shin sashe ɗaya bai isa ba, ko kuwa in bari ya ƙara girma? Daga wata uwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Kada ki jira. Yawancin yara suna zama da kansu zuwa wata 9, suna tafiya zuwa wata 18, kuma a shekarun farko ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyo. Raunin ba ya ƙaruwa, amma tsokar da aka bari a sandare takan gajarce, har gwiwa ko idon sawu su ƙi miƙewa.

Likitan gashin ƙashi zai miƙe masa tsokoki, ya koya masa juyawa, zama da tsayuwa, wataƙila ya rubuta masa takalmi na musamman. Sashe na biyu aikinsa hannu ne: yadda zai damƙi cokali ya kai baki, da kujerar da za ta tallafe masa baya da ƙugu.

Na uku shi ne nake roƙon kada ki raina shi don yaron bai fara magana ba, domin mai koyar da magana shi ne kuma yake duba tauna da haɗiya. Sarƙewar da kika ambata ba ƙaramin abu ba ce, saboda abinci ko ruwa kan zarce zuwa huhu ya haifar da ciwon nimoniya. Zai nuna miki yadda za ki zaunar da shi a miƙe, haɓarsa ta ɗan sunkuya, da kaurin abincin da ya dace da shi. Ki nemi a gwada jinsa ma.

Zaman asibiti gajere ne, aikin da ya fi yawa a gida yake. Ki yi kowane atisaye da hannunki a gabansu su gyara miki, sannan ki tambaye su abin da ake sa ran ya iya nan da wata 3.