Waƙa ta zo ta ɗaya a 1938: a wane jadawali?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za a tabbatar cewa wata waƙar swing (salon kiɗan jazz na rawa) ta Amurka ta zo ta ɗaya a 1938. Matsalar ita ce mujallar Billboard ba ta fara fitar da jadawalin faifan da suka fi kasuwa a faɗin ƙasar ba sai Yulin 1940, inda faifan Tommy Dorsey mai muryar Frank Sinatra ya zo na ɗaya a jadawalin farko. Kafin nan shirin rediyo na Your Hit Parade, tun 1935, waƙar yake jerawa ba faifan ba, ko wace ƙungiyar makaɗa ce ta ɗauke ta. Nan mutane ke ruɗewa, domin waƙa ɗaya takan fito a faifan ƙungiyoyi da dama. Lambobin matsayin faifai da kake gani na kafin 1940 yawanci ƙiyasi ne da aka haɗa daga baya.

Ka kuma lura da yajin ɗaukar faifai na makaɗa daga Agustan 1942 zuwa 1944. Wasu faifan da suka fito lokacin, tun kafin yajin aka ɗauke su. Don sanin ranar ɗauka, duba lambar da aka zana kusa da tsakiyar faifan, ka nuna wa masanin tarihin faifai.