Amsa ga ɗana da ke Tamanrasat ta Aljeriya kan waya da makokin babansa

Assalamu alaikum, ɗana. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan ƙanena, ya haskaka kabarinsa, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Ƙanwarka ta kunna mini saƙonka, na saurara har ƙarshe. Ka ce rasuwar babanka a sitatus ɗin wani ka fara ganinta, kana tsakiyar aiki, tun kafin kowa ya kira ka daga gida, kuma abin ya tsaya maka a rai. Ka tambaya ko gaisuwar da aka yi ta yi maka ta WhatsApp tana cikin lissafin ta'aziyya, ko da laifi ka riƙa sa hotonsa duk Juma'a, da yadda za a yi da wayarsa da shafinsa na Facebook da muryoyin da ya bar maka. Na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kai labarin mutuwa ga na nesa ba baƙon abu ba ne. Ranar da Najjashi sarkin Habasha ya rasu, Annabi (SAW) yana Madina ya sanar da sahabbai, ya fita da su ya yi masa salla. Malamanmu na Malikiyya sun ce wannan sallar ta keɓanta da Annabi, saboda haka kai addu'a ce taka, ba sallar gawa ba. Kakanninmu nan Damagaram kuwa fatake ne ke ɗauko musu labari daga Kano da Agadas har Tarabulus, wani lokaci mamaci ya yi watanni a ƙasa kafin danginsa su ji. Lokacin da nake aiki a gidan waya, telegiram ya maye gurbinsu. Kalmomi kaɗan ne, don kowace kalma kuɗi ce. Amma in muka ga na rasuwa ne, ba ma miƙa wa duk wanda ya buɗe ƙofa. Sai a nemi liman ko mai unguwa ko babban gidan, a ba shi a zaure, shi ya san ta inda zai shiga da maganar. Ya san tsohuwar da za a bari ta gama cin abinci tukuna, ya san mai tsohon ciki da za a kira mata uwarta ta zauna kusa. Shi kansa mai aikowa sau da yawa ba ya cewa an rasu. Cewa yake: jiki ya yi tsanani, ka taho. Duk mai hankali ya gane, amma tafiyar tana ba zuciya lokacin shiryawa. Ko da sanarwar rediyo ta zo, ta Muryar Sahel, daga baya su Anfani, ba a kai takarda sai na jiki sun gama ji.

Abin da aka tauye maka ke nan, kuma kana da gaskiya da ya yi maka ciwo. Waya tana da sauri, amma ba ta san wa ya kamata ya fara ji ba. Sitatus ba ya bambanta ɗan mamaci da wanda ya taɓa sayar masa da kiredi. Lokaci ɗaya yake kai wa kowa. Ga kuma halin yaran yanzu, kowa so yake a ce daga wurinsa aka fara ji. Na tara ƴan gidanmu na gaya musu: daga yau, in an yi rasuwa, ba mai sa ko harafi ɗaya a zauren dangi na WhatsApp, balle sitatus, sai babba ya ce an gama da na jiki. In rezo ya hana a samu wani, a jira, ko a kira wanda yake zaune da shi. Hoton gawa da bidiyon makabarta kuwa ban ma yarda a kawo maganarsu ba. Mai wankan gawa amini ne, an hore shi ya rufe abin da ya gani. To ina dalilin wanda bai ko taɓa ruwan ba ya ɗauki waya ya watsa?

Kada ka ɗauka ina tsine wa waya ne. Kai ka bi hanyar Arlit, ka san ta. A watan Oktoba na 2013 mutum 92, akasarinsu mata da yara, da yawansu daga yankin Kance nan jiharmu, ƙishirwa ta kashe su kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, har gwamnati ta sa makokin kwana uku. Duk gidan da ke da ɗa a Aljeriya ko Libiya ya san cewa akwai abin da ya fi mugun labari zafi, wato rashin labari. Mace ba ta san ko ta shiga takaba ba, ba a raba gado ba, uwa tana ta kallon ƙofa. Wayar da ta kawo tabbaci a rana ɗaya ta yi aikin alheri.

Ta'aziyya kuwa manufarta a ba mai rashi haƙuri, a yi wa mamaci addu'a. Wanda yake Yamai ko Kano ko Faransa ya ɗaga waya ya ce maka “ya muka ji da haƙuri”, ya yi gaisuwa, ka karɓa ka gode masa. Kira ya fi saƙon murya, saƙon murya ya fi rubutu, rubutun da mutum ya yi da kansa ya fi wanda aka kwafo aka tura wa mutum hamsin. Na ƙasa duka shi ne ɗan hoton fuska mai hawaye. Amma mutum yana Sabon Gari ko Zango, makoki yana Birni, ƙafarsa lafiya lau, ya aiko da sitika ya ce ya yi gaisuwa? Wannan a wurina bai zo ba. Don zaman makoki ba baki kaɗai ba ne. Da ka ga ƙofar gidanku ran nan: tabarmi har bakin titi, maƙwabta suna shigo da langunan tuwo da ƙoren fura, wani dattijo ya zo ya zauna daga hantsi har azahar bai ce komai ba sai jan carbi. Wani maƙwabcin kuma bai ko shigo ba, ya biya ƴan garuwa suka cika randunan gidan, ka dai san halin ruwa a garin nan. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada, Annabi cewa ya yi a yi wa iyalinsa abinci, don abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Na nesa ma zai iya shiga wannan lada: ƴan Yamai ta kamfanonin aika kuɗi na Nita da Al Izza suka aiko, aka sayi shinkafa da itace.

Maganar hoto duk Juma'a ita ce ta fi sa ni tunani. Addini ya yanke wa makoki kwana uku, sai matar mamaci da aka ba wata huɗu da kwana goma. A al'adarmu akwai sadakar uku da bakwai da arba'in. Ka san ko a gidanmu akwai masu cewa bidi'a ce, akwai masu yi, ba yau zan raba wannan gardama ba. Amma duka ɓangarorin sun yarda da abu ɗaya: akwai ranar da ake naɗe tabarmi, a kwance rumfa, kowa ya koma kasuwarsa. Waya ba ta da wannan rana. Facebook zai tashi wata safiya ya ce yau ranar haihuwar wane ce, ku taya shi murna, ko ya tono hoton sallar bara ya ajiye maka a gaba ba ka nema ba. Kai ma in ka sa hotonsa duk mako, innarka da ke takaba da ƙannenka ƙanana su ne za su riƙa cin karo da shi, ko sun shirya ko ba su shirya ba. Ba na cewa haramun ne. Ina cewa ka tambayi innarka tukuna. In ta yarda, ka yi jefi-jefi, da roƙon addu'a, ba da waƙar kuka a ƙarƙashi ba. Hadisin da ya lissafa abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa cewa ya yi ɗa nagari mai yi masa addu'a, bai ce sai jama'a sun gani ba.

Shafinsa na Facebook kada a bar shi haka sakaka, ɓarayin intanet suna kwace irinsa su riƙa roƙon kuɗi da sunan mamaci. Tun 2009 kamfanin yana da tsarin mayar da shafin mamaci na tunawa: ana aika musu shaida, kamar takardar mutuwa daga ofishin magajin gari, sai su kulle shi, ba mai iya shiga, su kuma daina tuna wa mutane ranar haihuwarsa. A 2015 suka ƙara damar mutum ya zaɓi wakilin shafinsa tun yana raye, wakilin kuma ba ya iya karanta saƙonnin sirri. Babanka bai zaɓi kowa ba, wa ke tunanin haka? Dangi na jiki suna iya neman a goge shafin gaba ɗaya. Ni dai na fi son a kulle, don akwai hotunan jikokinsa a ciki, amma ku ƴaƴansa ku yi shawara.

WhatsApp kuwa yakan goge asusun da ya yi kwana 120 ba a buɗe shi ba, ka ga tun innarka ba ta fita takaba ba ke nan. Layin ma in ya daɗe ba a aiki da shi, kamfani yakan sayar wa wani. Wata maƙwabciyarmu tana zaune da dare ta ga lambar marigayi mijinta ta dawo da hoton wani saurayi da tabarau. Ta yi jifa da wayar, sai da aka kira ƴarta ta kwana da ita. Saboda haka ku yanke shawara da wuri: ko ɗaya daga cikinku ya riƙe layin, ko kowa ya goge lambar. Kafin nan na sa yayanka, da ni a zaune, ya duba abu biyu kawai a wayar babanka: bashin da ake bin sa ko yake bi, da kuɗin da ke cikin layin, don wannan gado ne, ba na wanda wayar ta faɗa hannunsa ba. Sauran hirarsa da mutane ba mu buɗe ba. Mutuwa ba ta halatta sirrinsa.

Muryoyinsa ka adana su. Ka kwafe su a katin memori, ka tura wa ƙanwarka ma, don waya tana faɗuwa, ana sacewa. A da ƴan ci-rani kaset suke cikawa da gaisuwa su ba direba, kuma akwai tsofaffin da har yau suna ajiye da na mazajensu a ƙasan adaka, ba malamin da ya hana. In kewa ta taso ka saurara, ka yi masa addu'a, ka rufe. In ka ga kullum sai da ita kake barci, ka kira ni ko yayanka mu yi hira. Na kuma ji yanzu akwai manhajojin da ake ba muryar mutum su kwaikwaye ta, su faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Kada muryar ƙanena ta shiga can. Ƙarya ce ake yi wa wanda ba zai iya kare kansa ba, kuma ranar rabon gado wani zai iya fito da “wasiyya” da bakinsa.

Innarka ba ta iya karatu ba, saƙon rubutu sai an karanta mata. Ka riƙa kiranta bayan la'asar, lokacin mata masu gaisuwa sun ragu. In babanka ya taɓa ambata maka wani bashi a cikin muryoyin nan, ka turo mini sunan mutumin kafin arba'in. Ka gaida ƴan Damagaram da kuke tare, ka ce na gode da zaman da suka yi da kai.

Baffanka.