Ba a sayen afuwa a hannun ejan

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Dubai. Bizarsa ta ƙare wata takwas ke nan, wani ejan ya ce ya kawo kuɗi da fasfo zai sa sunansa cikin "amnesty", yayansa kuma a Kano ya ce kada ya kuskura ya dawo hannu rabbana, ya lallaɓa har a sake yin ta.

Ɗan'uwa, ko sisi kada ka ba mutumin nan. Kalmar da kuke ta ji a ɗakunan haya na unguwar Deira a Dubai tana nufin afuwar da gwamnati ke yi wa jama'a gaba ɗaya, da ranar buɗewa da ranar rufewa. Ta 2024 ta fara ranar 1 ga Satumba, aka ƙara wa'adinta zuwa 31 ga Disamba. Wanda ya kai kansa cibiyar hukumar shige da fice da ke Al Awir ko ofisoshin Amer masu aikin takardun biza an yafe masa tarar zama, an ba shi takardar fita ta kwana 14 ba tare da an hana shi dawowa ba, ko ya gyara zamansa in ya sami mai ɗaukarsa aiki. Babu wani jerin sunaye da ake sayen gurbi a ciki. Na ga waɗanda suka miƙa fasfo, ejan ya kashe waya, suka tashi ba tsuntsu ba tarko. Kuma ko an buɗe afuwar, ba ta goge bashin banki ko ƙarar da ke gaban kotu.

Maganar Yaya ce ta fi damuna. Tsakanin afuwar 2018 da ta 2024 shekara shida ce. Tarar wuce wa'adi dirhami 50 ce kullum, a shekara guda ta haura dubu 18. Ba Yaya zai biya ba, ba kuma shi ne gabansa ke faɗuwa in ya hango motar 'yan sanda ba. Girman babba wajibi ne, amma ba daidai ba ne a bar ƙani cikin ɓuya don gudun surutun unguwa.

Ka je hukumar shige da fice ta Dubai da ƙafarka, a duba maka ko tsohon uban gidanka ya kai rahoton ka gudu, sannan ka shigar da koken neman sassaucin tara. Adadin da suka faɗa maka, ka kira Yaya ka karanta masa cikin ladabi, ka tambaye shi nawa zai ɗauka a ciki.