Filin Bakanike: Tambayoyinku kan sauya fad da diskin birki a gida

Tambaya daga Yelwa, Bauchi: Ina da Corolla ta 2006. Birkin gaba ya fara ƙara kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe. Ina da jak da sifanoni a gida. Zan iya sauya fad ɗin da kaina?

Za ka iya, Malam, in dai za ka bi aikin a natse. Amma ka fara rarrabe ƙarar. Idan siririn fito ne, wannan ɗan ƙarfen gargaɗi ne da ke jikin fad (abin da ke matse diski don tsayar da taya) yake taɓa diski, yana gaya maka lokaci ya yi. Idan gurnani ne mai kauri da kake ji har a ƙafarka, naman fad ya ƙare, bayansa na ƙarfe ne ke cin diski, kuma mai yiwuwa sai ka haɗa da diskin. Sabon fad na da kaurin milimita 10 zuwa 12. Da ya sauko zuwa 3, a sauya shi. Kuma a sauya na hagu da na dama tare, ko da ɗaya ya fi ɗaya sauran nama, in ba haka ba mota za ta riƙa ja gefe in an taka.

Ka ajiye motar a kan daɓen siminti, ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyin baya da dutse ko katako. Sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga. Kada ka yi aiki mota na kan jak shi kaɗai. Ka sa mata matokarin ƙarfe, ko kututturen katako mai kauri, kuma ka tura tayar da ka cire a ƙarƙashinta. Bulon siminti ba abin dogaro ba ne, yakan ruguje ba tare da ya ba da alama ba.

Kalifa, wato ƙarfen da ke rungume diski yana matse fad a kansa, kusoshi biyu ne ke riƙe da ita daga baya. Ka kwance su, ka zare kalifar, ka rataye ta da waya a jikin sifirin. Kada ka bar ta tana lilo a jikin tiyon mai, domin tiyon yakan lalace daga ciki ba ka gani ba. Kafin ka yar da tsofaffin fad, ka jera su ka duba. Idan na ciki ya ƙare, na waje kuma yana nan da kaurinsa, ko ɗaya ya ci a karkace, to kusoshin da kalifa ke zamewa a kansu sun ƙafe. Wannan ita ce cutar da ta fi yawa a motocinmu, saboda ƙurar hunturu da ruwan damina da ke shiga ta yagaggiyar roba. Ka zaro kusoshin, ka goge su tas, ka shafa musu giris na silikon. Baƙin giris na boris yana kumbura robar, bayan 'yan watanni kusar ta sake ƙafewa. In robar ta yage, a sauya ta.

Sai mayar da fistin, wato ƙarfen cikin kalifa da ke tura fad, ya koma ciki don sabon fad ya samu wuri. Buɗe murfin kwanon man birki, ka ɗora tsohon fad a fuskar fistin, ka matse a hankali da matsi irin na kafinta. Ka riƙa leƙa kwanon, domin man zai hau, in ya kusa tumbatsa ka rage da sirinji. Man birki na cin fenti, in ya ɗiga a wanke da ruwa nan take. Ka kankare tsatsar inda kunnuwan fad ke zama da burushin waya, har sai fad ya shiga ya fito da ƙarfin yatsa. Wanda sai da guduma ya shiga ba zai saki diski ba, zai yi ta cin kansa yana dafa tayar. Ƙurar birki kuma a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hure ta da baki, domin akwai fad mai araha da ake yi da asbestos, mai lalata huhu.

Ka ɗaure notocin taya a gicciye, daga ɗaya ka tsallaka zuwa wanda ke fuskantarsa a ɗaya ɓangaren. Ƙa'idar ƙarfin ɗaurin notin Corolla nita-mita 103 ce, wato ƙarfin hannu da sifanar taya ya isa, ba sai an hau an taka ba. Abu na ƙarshe, kuma wanda mantuwarsa ke kai mutum cikin katanga: kafin ka motsa motar, ka taka feda sau da yawa har ta yi tauri. Fistin da ka mayar ya yi nisa da fad, takun farko zai tafi ƙasa ba birki.

Tambaya daga Tumfure, Gombe: An sa min sababbin fad wata guda da ya wuce, amma in na taka birki a guje sitiyari na karkarwa. Wani ya ce a aske diski, wani ya ce a saya sabo. Wanne ne daidai?

Hajiya, awo ne zai raba gardamar. Kowane diski akwai lamba da aka buga a bakinsa ko a cibiyarsa, tare da haruffan MIN TH, ita ce mafi ƙarancin kaurin da aka yarda a yi amfani da shi. A auna da maikiromita, ma'aunin kaurin ƙarfe, a tsakiyar inda fad ke gogawa, a wurare shida ko takwas kewaye da shi, ban da leɓen da ke tasowa a gefe. Idan bayan aski zai sauka ƙasa da wannan lamba, sai sabo. Siririn diski ba ya ɗaukar zafi, yakan tsage. Wanda ya yi tsaga, ko ya yi shuɗin tabo na ƙuna, ko zurfin layi da farce ke maƙalewa a ciki sosai, ba ma ɓata kuɗi a kan askinsa.

Karkarwar na zuwa ne daga rashin daidaiton kauri a jikin diskin, ko bambancin da bai kai kaurin gashi ba ma yakan jawo ta. Sanadinsa sau da yawa tsatsa ce a fuskar hob, wato cibiyar taya inda diski ke kwanciya, ko notocin da aka ɗaure wani ya fi wani. Don haka duk wanda zai sa sabon diski, ya kankare fuskar hob har ƙarfe ya fito fes, in ba haka ba karkarwar za ta dawo cikin 'yan watanni. Sabon diski yana zuwa da mai a jikinsa don hana tsatsa, a wanke shi da feshin wanke birki ko sifirit. Kalanzir na barin maiƙo. Sai an kwance kafaɗar da kalifa ke zama a kai kafin diskin ya fito, kusoshinta na da tauri, kuma da taurin za a mayar da su. Diski ma biyu ake sauyawa, tare da sabon fad.

Bayan an gama, a samu miƙaƙƙiyar hanya mara cunkoso. A kai gudun kilomita 60, a taka birki da matsakaicin ƙarfi zuwa 10 ba tare da an tsaya cak ba, kamar sau takwas ko goma, sannan a yi tafiyar 'yan mintoci ya huce. Haka fad ke zama daidai a fuskar diski. A tabbatar kuma an duba boris da bushin ƙafar gaba, su ma suna kawo karkarwa.

Tambaya daga Bolari, Gombe: Boxer gare ni ta haya. Na ɗaure notin birkin baya har ƙarshe amma ba ya kamawa. Abokan aiki sun ce in cire hannun birkin in matsar da shi haƙori ɗaya.

Ɗan'uwa, don Allah kada ka yi. Boxer birkin dram gare ta, wato ƙoƙon ƙarfe a tsakiyar taya, da shu biyu masu goga shi daga ciki, waɗanda wani ɗan ƙarfe mai faɗi ke buɗawa in ka taka. Noti ya ƙare ne domin shu ya cinye. In ka matsar da hannun, ƙarfen zai iya juyawa ya tsaya a tsaye tsakanin shu biyun ya ƙi komawa, tayar baya ta kulle kana tafe da fasinja. Shu na cikin kaya mafi araha a jikin babur.

Kwance sandar birki da sandar da ke riƙe farantin da shu ke zaune a kai, ka zare aksil, ka fitar da taya. Ka lura da yadda zoben tazara yake don ya koma mazauninsa. Shu biyun ana naɗe su ne su fito tare da sifirin ɗinsu. Naman shu in ya yi ƙasa da milimita 2, ko ya sha mai, ya gama aiki. Goge cikin dram da sanfefa, ka share. Ɗan giris kaɗan a jikin ƙarfen da ke juyawa da kusar da shu ke dogara a kai, kada ko ɗigo ya taɓa naman shu. In sifirin ya saki, a sa sabo. Da ka mayar da taya, ka taka birki ka riƙe sannan ka ɗaure aksil, haka shu ke zama tsakiya. Ka bar wa fedar baya wasa na milimita 20 zuwa 30, ka duba sarƙa, ka juya tayar ka ji tana tafiya ba gogayya. Kada ka manta da ƙusar makulli a jikin sandar faranti.

Masu babur mai diski a gaba, aikinku kusan irin na mota ne. Fad ɗinku siriri ne tun asali, da layin da ke tsakiyarsa ya shafe sai a sauya, kuma kada a matsa hannun birki alhali an cire kalifa.

Tambaya daga Azare: Fistin birkin bayan Golf ɗina ya ƙi shiga ko da na matse shi.

Ba zai shiga ba. Birkin hannu a cikin kalifar yake, don haka fistin ɗin murɗa shi ake yi ta hannun agogo ana turawa lokaci guda. Akwai ɗan ƙarfe na musamman da ke shiga ramukan fuskarsa. Ka saki birkin hannu tukuna. In ka ci gaba da matsi kawai, za ka lalata abin da ke ciki.

Tambaya daga Kaltungo: Ina ɗaukar kaya a Sharon. In na sauko gangaren Tula feda na yin laushi, bayan na huta ta dawo. Fad sabo ne.

Man birkinka ne ke tafasa, Alhaji. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 suna shan danshin iska. Ƙa'idar sabon DOT 4 ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa ƙa'idar ta sauko 155. Da ya tafasa sai tururi ya shiga layi, tururi kuwa matsuwa yake yi, feda ta tafi. A zubar da tsohon gaba ɗaya duk shekara biyu, a sa irin wanda aka rubuta a murfin kwano, daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Kada a haɗa da DOT 5, kuma kada man inji ko ruwan sabulu su shiga, na farko yana kumbura robobi, na biyu yana kawo tsatsa.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya taka sau uku ya riƙe, ɗaya ya buɗe ɗan nonon kalifa ya rufe kafin a saki feda, a maimaita har mai ya fito garau ba kumfa. A mafi yawan motoci ana farawa daga tayar da ta fi nisa da kwano, kuma kada a bari kwanon ya ƙafe ana cikin yi. A gangare kuma ka sauko giya ta biyu tun daga sama, inji ya riƙe motar, ka riƙa taka birki kana saki. Ka sa a duba ko wata kalifa na riƙewa: bayan tafiya, ka kusantar da bayan hannunka ga kowane rim ba tare da ka taɓa ba, wanda ya fi sauran zafi nan matsalar take.